Ƙwaya Goma, Kwana Goma

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Yau kwana uku ke nan cikinsa na gudu. Na wanke tsummoki har igiyar shanya ta cika, na koma shanyawa a kan danga.

Sunansa Waliyyu, watansa takwas. A nan kaɗai nake iya rubuta sunan, cikin ragowar littafin da na baro makaranta da shi. Shi ne ɗana na fari, kuma a gidan nan na Giwa Tazo uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka, surukata Inna Tamu ce ke ɗaukarsa. Ni sai dai a miƙo min in ba shi nono ina kallon wani wuri. Ranar da za a kawo ni daga Jega, Mamata ta ja min kunne ta ce, "Mubina, can ba Jega ba ne, kar ki ba mu kunya." Na riƙe maganar da kyau, har mata na cewa ɗiyar birni ta fi su alkunya. Da ina jin daɗin yabon. Yau kam ban ji ba.

Inna ta duba bakinsa da safe ta ce, "Zawon haƙora na. Ubanai ma haka yay yi. Kai, angona, hito da haƙoranka mu ci nama." Ta ba shi dauri. Bai yi mata dariya ba, shi da ko tari ta yi sai ya yi dariya.

Mijina Tukur yana Aliero wajen cika buhunan albasa, sai ƙarshen mako.

Talata, 6 ga Mayu, La'asar

Sau bakwai. Ya kama nono ya saki.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Magariba

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta yadda aka yi, don ko ni abin dariya yake ba ni yanzu.

Da sassafe na shafa kansa na ji maɗigarsa ta faɗa. Ga Inna can zaune a bakin murhu, taku biyar tsakaninmu, amma bakina ya ƙi buɗewa. Sai na zaga bayan rumbu na kira Yaya Salma a Jega. Yaya Salma ta kira Tukur a Aliero. Tukur ya kira wayar maƙwabcinmu, aka kawo wa Inna, ya ce mata wai ya yi mummunan mafarki, a taimaka a kai yaro asibiti. Magana ta je Jega, ta je Aliero, ta dawo tsakar gidanmu, duk don kada a ce na yi rashin kunya. Inna ta ajiye waya ta ce, "Ɗauko mayahinki."

A ƙaramin asibitin Maiyama mun sami wata malama, Hamsatu, doguwa mai saurin magana. Ta ɗaga biro ta dube ni. "Sunan yaro?"

Na sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, ba ke ce uwar ba?"

Inna ta ce, "Ɗan hwari na, malama. Waliyyu."

Malamar ta yi murmushi, ta ɗora shi a sikeli. Kilo shida da ɗigo shida. A katinsa na watan jiya bakwai da ɗigo uku ne. Ta zagaya wata 'yar igiya mai launi a damtsensa, ta tsaya a kan rawaya. Ta ce rawaya gargaɗi ne, ja ne ba a so.

Ta ba mu ƙullin gishiri da sukari na haɗawa da ruwa, da wasu ƙananan ƙwayoyi farare guda goma, sunansu zinki. Daidai nan Inna ta hango wata ƙawarta ta Andarai a bakin ƙofa, ta fita da yaron su gaisa. Ni kaɗai na ji sauran bayanin. Ƙwaya ɗaya kullum, a narka a cokali da ruwan nono. Ruwan gishiri da sukari shi ke mayar da ruwan jiki, zinki kuma yana gyara hanji, ya rage kwanakin zawon, ya taimaka wa cin abinci. Ta buga biro a tebur ta ce, "Ko ya warke jibi, ko ya tashi yana rawa, sai ya cika kwana goma. Kin ji ni?" Na ce na ji.

Da muka fito Inna ta miƙo hannu, na ba ta maganin, ta ƙulle a bakin zane. Ai ita ce mai yaro.

Alhamis, 8 ga Mayu, hantsi

Na farko ya amayar jiya. Yau na ce wa Inna, ina kallon ƙasa, wai na ji an ce in aka bari sai an sha nono ya fi zama. "Wai na ji an ce." Haka nake magana yanzu. Ya zauna kuwa.

Juma'a, 9 ga Mayu, La'asar

Sau uku kacal. Ya sha ruwan gishiri da sukari kusan rabin kofi, cokali cokali. Allah Ya saka wa Malama Hamsatu da alheri, Ya saka wa wanda ya haɗa maganin nan ko a ina yake.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Ya tsaya! Tun asuba babu ko ɗaya. Ya ja ɗankwalin Inna ya yi dariya, ita kuma ta ce za ta sake shi ta auri wani tunda ya zama mai faɗa. Ina tankaɗe ina jin su, na ƙi ɗagowa don kada a ga fuskata. Na gode wa Allah har ban san adadi ba.

Ƙwaya huɗu ya sha. Saura shida.

Lahadi, 11 ga Mayu, kafin Magariba



Asabe maƙwabciyarmu ta shigo da hantsi da ɗiyarta Amatullahi a baya, yarinyar ta yi laushi, ita ma zawo. Inna ko tambaya ba ta jira ba. Ta kwance bakin zane ta ce, "Amshi wanga. Shi yat tashe min ango cikin kwana ukku. Namu ya gama aikinai." Ta zuba mata duka shidan a hannu.

A garin nan haka ake yi. Ba a ajiye ragowar magani a ɗaki alhali ɗan maƙwabci na kwance. Wanda ya yi haka har ya mutu ana faɗi. Inna ba mugunta ta yi ba, alheri ta yi, kuma ba ta ji zancen kwana goma ba. Ni na ji. Ina tsaye da rariya a hannu. Abin da zan ce bai fi kalma biyar ba: Inna, bai gama sha ba. Amma in na faɗa, na nuna ina ƙirga wa ɗan fari magani, a gaban baƙuwa, na kuma hana ɗiyar maƙwabciya. Asabe ta yi ta godiya, har da ni ta gode wa. Na ce, "Ba komai, Allah Ya ba ta lafiya."

Ba komai! Ji min wawuya.

Litinin, 12 ga Mayu, safe

Lafiyarsa lau. Wataƙila huɗun sun isa.

Laraba, 14 ga Mayu, La'asar

Lafiya lau. Ya sha koko kaɗan. Na so in kira Yaya Salma a sake zagayen nan, sai na ce me zan ce mata? Yaro na wasa. Wataƙila huɗun sun isa.

An yi ruwan farko jiya, rijiya ta yi ja. Ƙudaje sun cika gida.

Juma'a, 16 ga Mayu, Azahar

Ya dawo.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Tara. Da amai. Yau Inna ba ta kira shi ango ba ko sau ɗaya.

Tukur ya iso da rana, jikinsa duk warin albasa. Ya leƙa ɗaki ya fito, shi ma ba ya iya ɗaukar yaron a gaban uwarsa. Na ja shi bayan rumbu na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ku da al'adarku, kowa na kallon ƙasa yaro na ƙarewa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To ke mi ya hana ki hwaɗi?" Sai na ƙara jin haushinsa. Ya ce gobe da asuba za mu Jega, ya riga ya yi magana da mai mota.

Litinin, 19 ga Mayu, hantsi, asibiti a Jega

Abin da ya faru a mota jiya ba zan rubuta shi ba. Inna ce ke riƙe da shi. Na ji ta tana salati da wata murya da ban san ta da ita ba, direba kuma ya daina tsayawa ɗaukar kowa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

An sa masa ruwa a hannu. Sun sha wuya kafin su sami jijiya. Zuwa La'asar ya buɗe ido, zuwa Magariba ya nemi nono. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Mamata da Yaya Salma sun zo da abinci, ban iya ci ba sai yau.

Kilo shida da ɗigo biyu. Igiyar ta tsaya a bakin ja.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

An yi ta.

Ma'aikaciyar ɗakin yara, Malama Naja'atu, ta karɓi katinsa tana dubawa. Ta ce, "Na ga an ba shi zinki a Maiyama. Ya cika kwana goman?"

Inna ta ce, "Wane kwana goma?"

Malamar ta yi bayani, irin wanda aka yi min. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanta.

"Mubina, an hwaɗa miki hakanga?"

"An faɗa min, Inna."

"Kina tsaye nib ba Asabe?"

"Ina tsaye."

"Kika yi kurum?"

Hawaye na zuba, na kasa ko sharewa. Na jira faɗa, wallahi da ta yi faɗan da na fi samun sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Ni da hannuna." Ta tashi ta fita waje.

Malama Naja'atu ta ga abin ya yi nauyi. Ta ce mu bar ɗora wa kai, ita ba za ta rantse cewa rashin cika maganin ne kaɗai ya dawo da ciwon ba. Akwai ruwan rijiya, akwai ƙuda, akwai hannun da yaro ke kaiwa baki. Amma kwana goman nan ba ado ba ne. Jikin yaro na zubar da zinki in yana zawo, cikawar ce ke mayar masa, ta kuma taimaka wajen kare shi na wasu watanni. Ta tambayi labarin ɗiyar Asabe, ta ce ita ma shida ba goma ba ne, a kai ta a duba.

Na fita neman Inna. Na same ta a gindin dalbejiya ita da Mamata. Mamata ce ta fara magana, ta ce, "Laifina ne, ni na ce mata ta kama bakinta." Inna ta ce, "A'a, Hajiya. Mu munka yaba mata shirun." Suka yi ta ja, kowace na son laifin ya zama nata. Na koma ciki na bar su.

Laraba, 21 ga Mayu, safe

An cire ruwan. An fara sabon zinki jiya, goma cif. Malama Naja'atu ta miƙa wa Inna, Inna ta ƙi karɓa. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ba uwar."

Uwar. A gaban Tukur, a gaban Mamata.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan Magariba, Giwa Tazo

Mun dawo gida. Kafin Inna ta cire mayafi ta zarce gidan Asabe. Ina jiyo ta ta kan danga: "Tashi ki kai ɗiyar ga Maiyama, maganin da nib ba ki guntu na. Kuma kowa yaz zaka roƙon saura, ki ce Tamu ta hana." Asabe ta ce ai yarinya ta warke. Inna ta ce, "Nawa ma ya warke, kin ga inda munka kwana." Sun tafi da La'asar. Amatullahi ta samu sauƙi da gaske, kuma na ji daɗi, don kwanakin nan ina jin nauyin yadda na yi ta jin haushin yarinyar da ba ta san komai ba.

Yanzu ruwan shansa sai an tafasa. Tukur ya gyara murfin randa kafin ya koma Aliero.

Ƙwaya huɗu ya sha.

Asabar, 24 ga Mayu, safe

Biyar. Inna ta samo gawayi tana jan layi a bangon ɗakinta, kullum ɗaya. Ni ke narkawa, ita ke riƙe hannuwansa. Ba ta yarda da ƙirgata ba, ni ma ban yarda da tata ba, sai mu duba fakiti mu duba bango.

Litinin, 26 ga Mayu, La'asar

Bakwai. Wannan yaro ya zama ɗan ci! Ya shanye kokon da na dama masa da garin gyaɗa, ya kama cokali ya ƙi saki. An ce in riƙa murza masa ƙwai da wake da ɗan kifi. Inna ta ce a zamaninsu ba a ba yaro ƙwai, sannan ta tashi da kanta ta ɗauko na zabuwarta guda biyu.

Talata, 27 ga Mayu, hantsi

Haƙori ya fito! Ɗaya, a ƙasa, ɗan fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Inna ta zagaya gida da shi tana nuna wa kowa. "To! Mi nic ce? Ban ce haƙora na ba? 'Yan boko ku zo ku gani."

Na ce a raina shi ke nan, za ta ce a bar magani. Na buɗe baki, kuma wannan karon maganar ta fito, da ƙarfi ma fiye da yadda na so: "Inna, saura biyu bayan na yau."

Ta tsaya. Matan gida suka tsaya. Ta ce, "Wa yac ce ba saura biyu ba? Ɗauko cokali, sarkin baki."

Takwas.

Alhamis, 29 ga Mayu, safe

Goma. Fakiti ya zama wayam. Na yi sujada a ɗaki.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan Magariba

Babu zawo. Ina ta duba tsumma kamar mai neman abin da ya ɓata. Malama ta ce maganin ba tsafi ba ne, yaro na iya sake kamuwa, in ya kamu a dawo da wuri. Na sani. Duk da haka yau na ci tuwo na ƙoshi, karo na farko cikin wata guda.

Ina so in rubuta sunayen waɗanda nake yi wa addu'a don kada in manta: Malama Hamsatu, Malama Naja'atu, direban da ban san sunansa ba, Yaya Salma, Mamata. Tukur, duk da haushinsa da na ji. Inna.

Asabar, 7 ga Yuni, Azahar

Hidimar Sallah ta hana ni rubutu. Ya tsotsi tsokar rago da haƙorinsa ɗaya, ya ɓata rigar Sallarsa. Laraba ce ranar awo. Wuyan hannunsa kamar ya ciko, amma ina tsoron idona ne ke yi min daɗin baki.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan La'asar

Mun je Maiyama, ni da Inna. Layi ya yi tsawo, mata sun fi talatin, kowa da katinta. Inna na goye da shi tana ta surutu da mutane, amma na lura carbinta bai tsaya ba.

Malama Hamsatu ta gane mu. Ta karanta abin da aka rubuta a Jega, ta dube ni, ba ta yi min faɗa ba, Allah Ya biya ta. Ta tuɓe shi ta ɗora a sikeli. Yana ta harbe-harbe, allura na rawa ta ƙi tsayawa.

"Bakwai da ɗigo ɗaya."

Ta zagaya igiyar a damtsensa, ta ja, ta sake dubawa. "Ya shiga kore. Da ƙyar, amma ya shiga."

Ban san lokacin da na yi ba. Na sure shi daga kan sikelin tsirara, na rungume, ina sumbatar kansa da wuyansa da tafin ƙafarsa, ina kuka ina cewa ɗana, ɗana, a gaban matan Giwa Tazo da na Andarai da duk wanda ke wurin. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha! Ba ɗan hwari ba ne?" Sai a lokacin hankalina ya dawo. Na tuna wadda ke tsaye a bayana. Na juya a hankali.

Inna ta ba ni baya. Ta fuskanci bango, ta kwance zanenta tana sake ɗaurawa, zanen da lafiyarsa lau. Kafaɗunta na motsi.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ba ta juyo ba. Ta ja hanci ta ce, "Ni ban ga komi ba, ɗamara nika yi. Ƙara mishi, ɗiyata. Ban gama ba tukuna."